Buki ko Makoki: Rabe-raben Wasannin Shakisfiya da Ɗalibin Bande

Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya sake jera harsuna uku da suka daɗe suna zaman doya da manja a cikin makaranta ɗaya. Faransanci shi ne ya riƙe allo tun zamanin mulkin mallaka. Ingilishi baƙo ne da yaro ke fara gaisawa da shi a ajin farko na koleji. Hausa kuwa, duk da makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram tun 1973, da dokar ilimi ta 1998 wadda ta yi wa harsunan gida gurbi, ta fi samun sakewa a filin shan iska bisa cikin aji.

Idan darajar Ingilishi ta ƙaru, adabinsa zai biyo baya, kuma a sahun gaba za a ga Shakisfiya da rabe-raben wasanninsa. Tambayar da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu ita ce: ta wace ƙofa wannan adabi zai shiga wurin yaron Bande, ko na Magariya, ko na Dungas? Wannan maƙala tana ganin cewa ƙofar da aka saba bi, wato haddar jadawali da awon kowane wasa da mudun Faransa, za ta ɓatar da yaro. Akwai wata ƙofa da ta fi kusa, kuma mabuɗinta yana hannun mutanen ƙasar Damagaram tun tuni.

Inda rabon ya samo asali

William Shakisfiya ya rayu daga 1564 zuwa 1616. Shekara 7 bayan rasuwarsa, a 1623, abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 suka buga a littafi guda a Landan. A shafin ƙunshiya suka kasa su gida uku: komedi, da wasannin tarihi, da tirajedi. Wannan rabo shi ne ya bi duniya, shi ne kuma ɗalibai ke kwafa a littattafansu har yau kamar wata doka da ta sauko daga sama.

Amma wanda ya duba yadda aka yi rabon zai ga aikin masu shirya littafi ne, da irin dabarar da ɗan kasuwa ke yi wajen jera haja. Wasan Richard III, da aka fara buga shi a 1597, sunan tirajedi ya ɗauka, sai littafin 1623 ya mai da shi cikin tarihi. King Lear kuwa a bugun 1608 an kira shi tarihi, daga baya ya koma tirajedi. Macbeth sarki ne na haƙiƙa da ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, kuma daga littafin tarihin Holinshed aka ɗauko labarinsa, inda aka ɗauko na sarakunan Ingila, amma bai sami shiga gidan tarihi ba, domin masu rabon sun keɓe gidan ga sarakunan Ingila kaɗai, daga John zuwa Henry na 8. Cymbeline, wanda ya ƙare da sulhu da haɗuwar dangi, an jera shi cikin tirajedi. Troilus and Cressida ma bai fito a shafin ƙunshiya ba, ko da yake yana cikin littafin.

Manazarta na baya sun ga gidaje uku ba su isa ba. A shekarun 1870 Edward Dowden ya ware wasannin ƙarshe, irin su The Tempest da The Winter's Tale, ya ba su suna na daban saboda suna farawa da masifa su ƙare da gafara. A 1896 F. S. Boas ya ware wasu ya kira su wasanni masu matsala, don ƙarshensu bai kwantar da hankalin mai kallo ba. Darasin farko ke nan da ya kamata ɗalibi ya sani: mutane ne suka yi rabon, sun yi gardama a kansa, kuma shi ma yana da damar sa baki.

Mudun Faransa

Ɗalibin Nijar ba ya isa ga Shakisfiya da hannu wofi. Kafin ya ji sunansa, darasin Faransanci ya riga ya koya masa abin da ake kira wasan kwaikwayo nagari, ta bakin Corneille da Racine da Molière. An gaya masa tirajedi na sarakuna ne da manyan mutane, da harshe mai nauyi, komedi kuwa na talakawa da attajirai da barori. An haddace masa dokoki uku da Boileau ya tsara a 1674: labari guda, wuri guda, yini guda. An ƙara masa da cewa ba a zubar da jini a gaban masu kallo, sai dai wani ya shigo ya ba da labari, kamar yadda aka ba da labarin mutuwar Hippolyte a Phèdre ta 1677.

Waɗannan dokoki suna da kyawunsu, kuma babu mai musun abin da Racine ya gina da su. Illar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauki mudun wata kasuwa aka je awo a wata. Da wannan mudu Shakisfiya ya faɗi jarrabawa tun fitowar farko. Antony and Cleopatra yana yawo tsakanin Rum da Masar. A The Winter's Tale shekara 16 ke wucewa a tsakiyar wasa. A Hamlet maƙera kabari suna raha a bakin rami, gawa tana tafe. A Macbeth, jinin sarki bai bushe ba sai ga mai tsaron ƙofa a buge yana surutai. Ƙarshen Hamlet kuwa gawawwaki ne zube a gaban jama'a.

Faransawa da kansu sun yi wannan rigima sun gama. Voltaire, wanda ya taimaka wajen sanar da su Shakisfiya a 1734, ya koma yana sukarsa da rashin tsari, har ya rubuta wa majalisar masanan Faransa wasiƙa a kansa a 1776. Ducis ya gyara Hamlet a 1769 don ya dace da ɗabi'ar Faris. Sai a 1823 Stendhal ya fito da littafinsa mai kwatanta Racine da Shakisfiya, a 1827 kuma Victor Hugo ya rubuta gabatarwar Cromwell, inda ya kare gauraya abin dariya da abin kuka a wasa ɗaya. Ko a Ingila, Philip Sidney ya yi ƙorafin haɗa sarakuna da wawaye a dandali guda, Nahum Tate ya canza ƙarshen King Lear a 1681 ya mai da shi na farin ciki, aka yi ta nuna shi haka har 1838. Samuel Johnson ne a 1765 ya kare Shakisfiya da hujjar cewa haka duniya take, wani na buki maƙwabcinsa na makoki. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibai wannan tarihi ya bar su da zaton cewa Shakisfiya Racine ne da bai iya aikinsa ba.

Abin da yaron Bande ya riga ya sani

Bande tana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Magariya da iyakar Najeriya, a yankin da noma da fatauci suka haɗa mutane da Daura da Kano. Yaron da ya tashi a nan bai taɓa shiga gidan wasa mai labule ba, amma a ce bai san wasan kwaikwayo ba kuskure ne babba. Ya san tashe na watan azumi, inda yara ke shigar tsofaffi da malamai da maharba su bi gida gida. Ya san ƴan kama da ke kwaikwayon wa'azi su karkatar da shi zuwa ga tuwo da miya. Ya ji labarin wasan kara na Damagaram, inda samari ke shigar sarki da fadawansa da manyan hukuma, a yi dariya a kuma gane abin da ake nufi. Ya ga finafinan Kano a gidan kallo da cikin salula, ya san inda mai ban dariya ke kutsowa ana tsakiyar shari'ar gado.

Bayan wannan akwai gadon teyatur na zamani. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bukin matasa na ƙasa sun sa kowane gari ya kafa ƴan wasansa. Gidan rediyon Damagaram ya fitar da ƴan wasa da sunansu ya kai ko'ina, cikinsu har da Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne. Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna yadda waɗannan ƙungiyoyi ke aiki: a tsara ƙashin labari tare, kowane ɗan wasa ya cika maganarsa da bakinsa, a gwada a gyara bisa yadda jama'a suka karɓa. Kafin ita, Chaïbou Dan Inna ya yi nazarin siffofin kwaikwayo da ke cikin al'adun Hausa.

A kwatanta wannan da gidan wasan Globe da aka gina a Landan a 1599. Filinsa a buɗe yake, da rana ake wasa, babu ƙawar fage sai tufafi da magana. Talakawa na tsaye kewaye da dandali, masu hali na zaune a rumfa, kowa da abin da ya zo nema. Maza da yara maza ne ke fitowa a matsayin mata, domin sai a 1660 mata suka fara hawa dandali a Ingila. Marubucin ɗan wasa ne mai hannun jari a ƙungiyar, yana rubutu yana tunanin bakin da zai furta. Wannan fili ya fi kama da dandalin gari a Bande bisa fadar Versailles. Wawan da ke gaya wa Lear gaskiya a fuska, yaron da ya san wawan sarki ba ya bukatar dogon sharhi a kansa.

Matsalar suna

Kafin a koyar da rabe-raben nan da Hausa sai an daidaita sunayensu, kuma a nan akwai tarko. An saba fassara komedi da wasan ban dariya, tirajedi da wasan ban tausayi. Duka biyun sun gaza. Aristotil, wanda daga gare shi maganar ta faro, ya ce tirajedi na tayar da tausayi da tsoro tare, kuma tauraronsa mutum ne mai daraja da ya faɗi ta hanyar kuskuren kansa. Maraya da kishiyar uwa ke azabtarwa abin tausayi ne, amma ba shi da hannu a cikin abin da ya same shi, don haka labarinsa bai zama tirajedi ba. Macbeth kuwa ba tausayinsa ake fara ji ba. Tsoro ake ji, ganin jarumi mai hankali yana sane da sharrin abin da zai aikata, ya aikata, sa'an nan kowane kisa ya jawo wani.

Haka komedi. A wurin mutanen 1623 ba yawan dariya ke sa wasa ya zama komedi ba, inda labarin ya dosa ne: daga rikici zuwa daidaito, daga rabuwa zuwa aure. Hausa tana da kalmomi biyu da suka fi kusa da wannan ma'ana, wato buki da makoki. Wasan da ya ƙare da buki jama'a ce ta ɗinke, aka ɗaura aure, zuriya za ta ci gaba. Wasan da ya ƙare da makoki mutum guda ne ya keɓe kansa, ya bi son ransa har ya hallaka, waɗanda suka saura suka taru a kan gawarsa suna neman wanda zai riƙe gari. Wasan tarihi kuwa ba ya ƙarewa da gaske, domin tauraronsa gadon sarauta ne, wanda ya hau yau gobe wani na jiran ya sauka. Idan ɗalibi ya riƙe waɗannan uku, buki da makoki da gado, ya sami abin da zai yi tambaya da shi, wanda ya fi haddar ma'ana amfani.

Gadoji biyu da aka riga aka gina

Ba yau aka fara sa Shakisfiya ya yi magana da harsunan Afirka ba. Sol Plaatje ya fitar da The Comedy of Errors da harshen Tswana a 1930. Julius Nyerere, yana shugaban ƙasa, ya fassara Julius Caesar zuwa Swahili a 1963, ya ƙara da The Merchant of Venice a 1969. A Saliyo Thomas Decker ya mai da Julius Caesar zuwa Kiriyo a 1964. Hausa ma ba a bar ta a baya ba. A 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Daren Sha Biyu, fassarar Twelfth Night, a 1981 kuma Ɗahiru Idris ya fitar da Matsolon Attajiri, fassarar The Merchant of Venice. Abin takaici ne a ce littattafan da aka buga ƙetaren iyaka kaɗan sun fi wuyar samu a makarantun gundumar Magariya bisa waɗanda aka buga a Faris.

Duka biyun komedi ne a rabon 1623, kuma duka biyun suna gwada ƙarfin wannan suna. A Twelfth Night jirgin ruwa ya nutse da tagwaye, Viola ta yi shigar namiji ta shiga hidimar Orsino, Olivia ta kamu da son wannan saurayin ƙarya, har ɗan'uwanta Sebastian ya bayyana aka warware ƙulli da aure. Buki ya tabbata. Sai dai akwai Malvolio, wakilin gidan Olivia mai girman kai, wanda aka yaudara da wasiƙar jabu, aka kulle shi a ɗaki mai duhu da sunan mahaukaci, ya fita daga wasan yana alwashin ramuwa. Tambayar da za ta tayar da aji ita ce: a wane lokaci dariyar da ake yi masa ta zama zalunci? Sunan wasan kansa yana nuni ga daren 12 bayan Kirsimeti, lokacin da bara ke shigar ubangida a yi wasa da girma. Wanda ya san tashe da wasan kara ya san irin wannan dare.

The Merchant of Venice ya fi nauyi. Antonio ya ranci dukat 3,000 daga Shylock na wata 3, bisa sharaɗin a yanki tsokar jikinsa in ya kasa biya. Portia ta yi shigar lauya ta kuɓutar da shi da dabarar cewa takarda ta ba da tsoka amma ba ta ba da jini ba. Masoya suka koma gida da murna. Shylock kuwa ya rasa ɗiyarsa da dukiyarsa, aka kuma tilasta masa barin addininsa na Yahudanci. Abin lura shi ne, ɗan kasuwan da ke cikin sunan Ingilishi Antonio ne, amma sunan Hausa ya karkata ido zuwa ga matsolo. Wannan zaɓi yana jawo wasan kusa da L'Avare na Molière na 1668, inda Harpagon abin dariya ne tsantsa. To, Shylock ɗan'uwan Harpagon ne, ko kuwa mutum ne da aka wulaƙanta har ya zama abin tsoro? Yaran da iyayensu suka san bashin da ake ci da damina a biya da kaka suna da abin faɗa game da mai ba da rance, da wanda ya ci, da alƙalin da ya raba su.

Wasan tarihi da gadon Damagaram

A cikin gidaje ukun, na tarihi ne ɗalibin da ya tashi da adabin Faransa ya fi jahilta, domin Racine da Corneille sun fi ɗauko labarinsu daga Girka da Rum. Amma a nan ne ƙasar Damagaram ta fi kowa sa'a. André Salifou, ɗan Damagaram da aka haifa a 1942 ya rasu a 2022, masanin tarihi ne da ya rubuta wasan Tanimoune, wanda aka buga a Faris a 1973. Tanimun ya yi jayayyar sarauta da ɗan'uwansa Ibrahim, ya hau a 1841, aka sauke shi a 1843, ya dawo a 1851 ya riƙe ƙasa har 1884. Shi ne ya ƙarfafa ganuwar birni, ya tara bindigogi, ya faɗaɗa ikon Damagaram a kan maƙwabta.

Duk tambayoyin da Shakisfiya ya yi a Richard II da Henry IV suna nan: wa ya cancanci gado, wanda jini ya ba shi ko wanda ya iya riƙo? Wanda ya ƙwaci sarauta da ƙarfi zai iya wanke hannunsa da kyakkyawan mulki? Me talaka ke biya in ƴan sarki na rigima? Akwai kuma tambayar da ta shafi marubucin. Shakisfiya ya zana Richard na 3 a matsayin azzalumi a zamanin Sarauniya Elizabeth, jikar mutumin da ya kayar da Richard a 1485. Ke nan wasan tarihi yana da ubangida. Ɗalibin Dungas ko na Bande, wanda kakanninsa suka ga ikon Damagaram daga gefe, yana iya tambayar yadda labarin Tanimun zai kasance in aka ba da shi daga ƙauye maimakon daga fada. Haka Julius Caesar, ga ƴan ƙasar da ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, ba labarin nesa ba ne.

Giɓin da ke cikin rubutaccen wasan Hausa

Kwatanci ba ya cika sai an juyo da madubi gida. Rubutaccen wasan Hausa, tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, zuwa Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979, ya fi karkata ga gyaran hali. Ana nuna mugun hali, a nuna sakamakonsa, mai kallo ya ɗauki darasi. Wasu daga cikinsu suna ƙarewa da baƙin ciki, amma baƙin cikin hukunci ne da ya dace da laifi. Ingila ma ta bi ta wannan hanya: kafin Shakisfiya akwai wasannin wa'azi irin su Everyman na wajen 1500, inda halaye ke fitowa da siffar mutane.

Tirajedi ya wuce nan da taki guda. Hukuncin Lear ya fi laifinsa nauyi, Cordelia da Desdemona kuwa sun mutu ba su ci ba su sha ba. Wasan ba ya ba mai kallo damar cewa Allah ya ƙara, ya tashi hankalinsa kwance. Wannan ba ya nufin wasan Hausa ya gaza. Yana nuna akwai filin da marubutansa ba su nome sosai ba, alhali tarihin ƙasa cike yake da irinsa. Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, wanda aka kashe Cazemajou a birninsa a 1898, Faransawa suka ci birnin a 1899 shi ma ya rasa ransa a shekarar, yana jiran wanda zai rubuta shi ba tare da ya mai da shi waliyyi ko azzalumi ba.

Uzurori da amsarsu

Za a ce Ingilishin ɗalibai bai kai ba. Gaskiya ne, Ingilishin shekara 400 da suka wuce yana wahalar da ƴaƴan Landan ma. Amma nau'in wasa a cikin ginin labari yake, kuma gini yana tsira a fassara. A fahimci wasan da Hausa, a kwatanta shi da Faransanci, sa'an nan a ɗanɗana ɗan guntun asalin a darasin Ingilishi.

Za a ce babu littattafai. Kwafi guda ya isa a fitar da fitowa uku, kuma hanyar ƴan wasan Damagaram, ta riƙe ƙashin labari a cika da baki, ba ta bukatar kowa ya sami nasa.

Za a ce akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyya ba: mace cikin shigar maza, mashaya, mayu, masu kashe kansu. Wannan damuwa ta iyaye ce, bai kamata a yi mata dariya ba. Malami yana da ikon zaɓen fitowar da ta dace da shekarun yara, yana kuma da hujjar cewa nuna abu daban yake da yabonsa. Mayun Macbeth ba su kama hannunsa ba, albishir suka yi masa, shi ya ɗauki wuƙa. Muhawarar da za ta biyo baya, kan ƙaddara da zaɓin mutum, malaman zaure sun daɗe suna yin ta.

Kammalawa

Abin da ake nema bai fi ƙarfin makarantar karkara ba. Malamin Hausa da na Faransanci da na Ingilishi su haɗa kai a zango guda, su zaɓi fitowa uku: shari'ar Shylock, da daren da aka kashe Duncan har zuwa shigowar mai tsaron ƙofa, da wata fitowa daga Tanimoune. Ɗalibai su buga su a filin makaranta, a gayyaci tsofaffin ƴan samariya su gyara musu tsayuwa da murya. Bayan kowace fitowa a yi tambaya huɗu: wa ke cikin haɗari, me mai kallo ya sani wanda ɗan wasa bai sani ba, da me aka ƙare, wa aka bari a waje? Sai bayan an amsa ne za a rubuta sunan nau'in a allo.

Ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa suna da nasu kason: neman a sake buga fassarorin 1971 da 1981 da rubutun da makarantun Nijar ke amfani da shi, da ƙarfafa a mai da Tanimoune zuwa harshen mutanen da ya yi magana a kansu, da zama da malamai a tsayar da kalmomin nazari. In ba a yi haka ba, sabon matsayin harsuna zai ƙare a sauya hadda da hadda, yaro ya bar jadawalin Boileau ya kama na 1623, bai taɓa ganin wasa ya tashi tsaye ba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma wasan kwaikwayo tun asalinsa don gani aka yi shi.